Magariya da Dungas: hirar mata a gindin keken ɗinki

A kowace shekara, da zarar azumi ya shiga goman ƙarshe, ƙarar keken ɗinki takan tashi daga cikin gidajen Magariya da Bande da Waca da Dungas tun hantsi har dare ya raba. Galibin matan da ke taka waɗannan kekuna ba su da shago a bakin kasuwa, ba su da allon talla a ƙofar gida, kuma ba safai ake samun sunayensu cikin kundin masu sana'a ba. Amma duk wanda ya dubi jerin yara a filin idi, ko ayarin mata a gidan suna, to aikin hannunsu yake kallo.

Inda keke yake, nan mata ke taruwa. Mai kawo ɗinki takan zauna, maƙwabciya ta leƙo aron almakashi ta zauna, tsohuwa ta jawo tabarma da goronta. Magana biyu ce ta fi yawa a wannan zama: maganar tufa, da maganar wane ya yi kama da wane. Mai wucewa zai ɗauka hira ce ta kashe lokaci, alhali kuwa rabin aikin mai ɗinki a cikinta yake. Da ita take sanin jikin wanda ba ta gani ba, da ita ake ƙulla zumunta, kuma idan ba a yi hankali ba, da ita ake ɓata gida.

Dangi ɗaya, iyaka a tsakani

Garin Magariya yana kimanin kilomita 90 kudu da birnin Damagaram. Dungas, wadda dā take ƙarƙashin Magariya, ta zama gunduma mai cin gashin kanta a shekarar 2011. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta sami mutane sama da 570.000 a gundumar Magariya, da sama da 350.000 a ta Dungas, wato yankin yana cikin wuraren da suka fi cunkoson jama'a a ƙasar Nijar baki ɗaya.

Tarihi ya nuna cewa bayan da jihadi ya ci Daura a farkon ƙarni na 19, gidan tsohuwar sarautar ya rarrabu: wani reshe ya zauna a Zango, wani a Baure, wani kuma a Magariya. Dungas da Waca kuwa suna cikin tsoffin ƙasashen Sosebaki tare da Mirya. Da Faransa da Ingila suka shata iyaka bisa yarjejeniyoyin 1904 da 1906, layin ya ratsa gonaki da gidaje da auratayya. Shi ya sa har gobe da wuya a sami gida a Yekuwa ko Sasumburum ko Dogo-Dogo wanda ba shi da gwaggo a Baure, ko kawu a Babura, ko ƴa da ke aure a Maigatari. Wannan rarrabuwar dangi ita ce tushen maganar da ke tafe, domin mai ɗinki a wannan yanki kullum tana yanka tufa saboda mutanen da ke wani gari.

Yadda allura ta koma hannun mata

A zamanin kakanni, aikin tufa rabe yake. Mata su ke gurzar auduga, su yi shiɓa, su kaɗa zare da mazari. Maza su ke saƙa, su ke rini a marina, su ke ɗinki da allura, har da aikin surfani na manyan riguna. Suturar mace zane ce da mayafi da kallabi, ba ta bukatar awon kafaɗa ko na ƙugu. Ma'aunin lokacin ma a jikin mutum yake: taƙi, kamu da gaba.

Keken ɗinki, wanda Ba'amurke Isaac Singer ya yi wa rajista a 1851, ya iso ƙasar Hausa ne ta hannun kamfanonin Turawa, kuma maza ne suka fara riƙe shi a rumfunan kasuwa. Kuɗin gyaɗa suka buɗe masa ƙofar ƙauyuka. Magariya tana tsakiyar ƙasar gyaɗa. Kamfanin SONARA da aka kafa a 1962 yana saye, masana'antar SEPANI tana matse mai a cikin garin, kuma idan kaka ta yi, manomi kan shiga kanti da abin da zai sayi turmin atamfa. Farin 1973 da kuturtar gyaɗa ta 1975 suka karya wannan arziki, amma sha'awar riga da zane ta riga ta zauna. Da ɗinkin mata ya koma mai bin jiki, sai wata matsala ta taso: matar aure ba ta son namiji baƙo ya zagaya ta da abin awo, mijinta ma ba ya so. Ta wannan ƙofa allura ta shiga hannun mata. Ƙungiyar matan Nijar, AFN, da aka kafa a 1975, ta ƙarfafa koyar da ɗinki da saƙa a gidajen horon mata, kuma da kekunan ƙasar Sin irin su Butterfly suka yi araha, sai iyaye masu hali suka fara sanya keke cikin kayan ɗakin amarya, gefen gado da jeren kwanuka.

Ga mace mai zaman kulle, keke gona ce a cikin ɗaki. Daga shi take zuba adashi, ta sayi sabulu, ta yi biki, ta tara wa ƴarta kayan aure kwano bayan kwano.

Wa ya ɗauko wa?

Da an tsayar da yarinya gaban keke za a auna ta, hira ta tashi. Mai ɗinki takan ɗora hannu a kafaɗarta ta ce da uwar: "Yaya, wannan ai kafaɗar babanta ta kwaso, sai an ƙara mata faɗi." Uwar, idan ƴar fari ce, ba za ta tanka ba, sai ta sunkuyar da kai don kunya. Tsohuwa ce za ta karɓe: "Kafaɗa dai tasu ce, amma dubi wuyan nan. Wuyan Gwaggo ne, Allah ya jiƙanta, ba abin da ta rage." Wata ta ce dogayen yatsun na wajen uwa ne, wata ta ce wushiryar ta gidan kawu ce, har a rarraba yarinya kaf tsakanin dangi biyu, ita kuwa tana tsaye tana wasa da gefen zanenta.

Akwai ladabi a cikin wannan magana, wanda baƙo ba zai lura da shi nan da nan ba. Mace ba ta kiran sunan mijinta. Sai ta ce maigida, ko Malam, ko baban su wance. Ba ta kiran sunan surukinta ko surukarta, kuma idan an raɗa wa jariri sunan ɗayansu, sai a yi masa laƙabi: Abba, Baba, Inna, Ummi. Saboda haka idan matar ɗa ta ce, "Inna, tafiyar taku ce sak," girmamawa ce take miƙa wa uwar mijinta a gaban mutane, ita kuma tsohuwar ta san abin da aka ba ta. Kaka takan mayar da wasa. Jika mace kishiyarta ce, jika namiji maigidanta ne: "Ni na yi kama da wannan mummunar? Ku dai ɗinka mata, ko ta sami mai so ta bar mini miji." Taubasai ma ba a bar su a baya ba, ƴar mace da ƴar namiji kowa na cewa hancin gidansu ya fi. Irin wannan wasa na dangi da ƙabilu na ƙasar Nijar ne hukumar UNESCO ta sanya cikin kayan gadon ɗan Adam a shekarar 2014.

A dā, askar wanzami ce ke faɗin asalin mutum. Da an dubi kunci an san Badauri, an san Babarbare. Yau tsaga ta ja baya ƙwarai a fuskokin yara. Abin da ya rage shi ne idon tsofaffin mata, waɗanda ke riƙe da kamannin mutanen da suka rasu tun kafin hoto ya yawaita. Yarinyar da ba ta taɓa ganin kakar mahaifinta ba, a gindin keke take fara jin cewa doguwa ce, baƙa, mai faɗin goshi, kuma daga wani ƙauye na wajen Zango aka auro ta. Ta haka tarihin gida ke wucewa daga baki zuwa kunne ba tare da an kira shi darasi ba.

Ɗinkin wanda ba ya nan

Amfanin wannan hira ya fi fitowa idan mai rigar ba ya gari. Da an gama girbi, samari da magidanta kan tafi cin rani Kano ko Ikko, wasu har Libiya. Yara maza da yawa suna karatun allo a garuruwa masu nisa, sai su shekara ba a gan su ba. Ƴan mata sun yi aure a tsallaken iyaka, sun haihu can. Duk waɗannan suna da hakkin kayan salla, kuma uwa ba ta jin daɗin idi idan ba ta aika wa ɗanta ko da taguwa da wando ba.

A nan ne mai ɗinki ke yin tambayoyinta. Wa ya biyo a tsawo? Jikin uwa gare shi ko na uba? Shi da ɗan wansa wa ya girmi wani, kuma da wata nawa? Sai a kira wani yaro na gida, a ce ga mai irin jikinsa, a auna shi, a ƙara ɗan yatsa biyu saboda girma. Kayan lefe ma haka: dangin ango ba za su je su auna amarya ba, sai a tambayi wadda ta san gidan, ta ce jikin yayarta gare ta, sai dai ta ɗan fi ta cika. Jaririn da ba a haifa ba ma ana yi masa tanadi da wannan lissafi, a ce ƴaƴan gidan wane manya ake haifarsu.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Tsofaffin masu ɗinki da yawa sun shekara talatin suna yanka da ido ba tare da sun rubuta lamba ko ɗaya ba, kuma sau da yawa rigar takan zauna daidai. Ilimi ne na gaske, wanda aka tara ta hanyar ɗinka wa uwa, a ɗinka wa ƴarta, a zo a ɗinka wa jika. Sai dai Hausawan nan ne kuma suka ce kama da wane ba ta wane. Yaron da ya bar gida yana da shekara goma sha biyu zai iya dawowa ya tsere wa sa'ansa da taƙi guda, ko kuwa wahalar almajirci ta tsuke shi. Almakashi kuma ba ya komawa baya.

Tsadar kuskure

Turmin atamfa yadi shida ne, wato kusan mita biyar da rabi, kuma akan raba shi falle uku: na ɗaurawa, na riga, da na kallabi ko goyo. Idan aka ɓata fallen riga, an ɓata turmi, domin da wuya a sake samun irin zanen a kasuwa falle ɗaya. Ga matar da ta sayar da akuya, ko ta jira kwasar adashinta wata shida kafin ta sayi wannan turmi, ɓarnar ba ƙarama ba ce. Mai ɗinkin ma ba ta tsira ba: ko ta biya, ko ta rasa mai kawo aiki, kuma a ƙauye labarin riga ɗaya da ta lalace yakan riga labarin riguna ɗari da suka yi kyau isa bakin rijiya.

Mafi yawan yadin da ake ɗinkawa a yankin ta kudu yake shigowa, musamman daga kasuwar Kantin Kwari ta Kano, ya bi ta Babura ko Maigatari. A dā akwai atamfar masaƙun Kaduna, da ta kamfanin Sonitextil na Yamai, da ƴar Holan ta masu hali. Masaƙun Kaduna sun durƙushe, babbar cikinsu, UNTL, ta rufe a 2007, kuma atamfar ƙasar Sin ta cika kasuwa. Farashi kuwa yana bin iyaka da canjin kuɗi. Mata masu shekaru ba su manta da rufe iyakar 1984 ba, wadda ta haɗu da yunwa ta kai har 1986. Ba su manta da karyewar sefa ta watan Janairun 1994 ba, lokacin da kayan waje suka yi tashin gwauron zabo. An sake rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sannan daga tsakiyar 2023 zuwa Maris na 2024. Kowane karo mai keke takan ji a jikinta, domin zare da allura da zif da man keke duk hanya ɗaya suke biyowa. Ga kuma gwanjo, wanda ake kira bosho, da rigunan kanti na yara da ke janye mata masu ciniki. A irin wannan hali, abin da ke riƙe mata da mutane shi ne ɗinkinta ya zauna a jiki tun karon farko.

Inci da santimita

Wayar salula ta kawo sauƙi. Yanzu ana iya kiran Kano a ce a kai yaro wurin tela a auna shi, a faɗo lambobin. Amma nan ma akwai rami. Tef ɗin awo fuska biyu gare shi: ɗaya inci, ɗaya santimita. Telolin Nijeriya da inci suke aiki, su kuwa waɗanda suka yi lakwal ko suka koyi ɗinki a cibiyoyin Nijar santimita suka sani. Inci ɗaya santimita 2,54 ne, wato biyu da rabi da ɗan ɗoriya. Yadi ɗaya inci 36 ne, ko santimita 91 da ƴan kai, saboda haka bai kai mita ba. Idan aka ce ta waya, "tsawon riga 40," ba a faɗi wace fuska ba, to 40 na santimita rigar yaro mai tatata ce, 40 na inci kuwa ta haura mita ɗaya, doguwar rigar yarinya ce da ta tasa. Kalma ɗaya da aka bari a baki ta isa ta cinye falle.

Matan da suka bi darussan yaƙi da jahilci, waɗanda hukuma ta soma a Nijar tun 1963, sun samo wa wannan magani mai araha: kaye da alƙalami. Kowane gida da shafinsa. A rubuta sunan mai riga ko laƙabinsa, da ranar awo, da kafaɗa, ƙirji, ƙugu, hannu da tsawo, a kuma rubuta inci ne ko santimita. A ƙasa a sa kuɗin da aka bayar da wanda ya rage, ko sefa ne ko naira, tun da dukansu biyu suna yawo a kasuwannin bakin iyaka. A liƙa ɗan ƙyallen yadin a gefen shafi don kada kayan wata su shiga na wata a cunkoson salla. Wadda ta iya ajami ma ya wadatar. Mai irin wannan kaye, idan aka ce mata jikin yayarta gare ta, sai ta buɗe shafin yayar ta ga lamba, ta ƙara abin da za ta ƙara. Ido ya nuna hanya, rubutu ya tabbatar.

Inda harshe ya fi almakashi kaifi

Maganar kama tana da wani gefe mai duhu, wanda kowace mace ta sani ko da ba a faɗa ba. Jaririn da aka ce bai yi kama da kowa ba, an jefi uwarsa. A gidan kishiyoyi, kalma ɗaya da aka saki cikin dariya, kamar a ce, "Wannan farin kuwa daga ina?", takan kwana ta tashi, ta isa kunnen maigida da ya dawo daga cin rani. Aure ya sha mutuwa a kan abin da bai fi wannan ba, yaro kuma ya girma da tabon maganar.

Malamai suna da amsa a kan haka tun tuni. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin wani Balaraben ƙauye da ya zo wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana shakkar ɗansa saboda launin fatarsa ya saɓa da nasa. Aka tambaye shi launin raƙumansa, da ko akwai mai wani launi dabam a cikinsu, da inda wannan ya samo nasa. Da ya amsa cewa wataƙila daga wani kakan raƙumin ne, sai aka nuna masa cewa ɗansa ma haka, kuma ba a ba shi damar kore shi ba.

Ilimin zamani ya zo ya bayyana yadda abin yake. Kowane ɗa rabin ƙwayoyin halittarsa daga uba suke, rabi daga uwa, saboda haka yana ɗauke da kusan rubu'i daga kowane ɗaya cikin kakanninsa huɗu. Tun 1865 wani masani mai suna Gregor Mendel, da ya yi shekaru yana gwaji da wani irin wake a ƙasar Turai, ya nuna cewa siffa takan ɓuya a ƴaƴa ta sake ɓullowa a jikoki. Launin fata da tsawo kuwa ƙwayoyi masu yawa ne ke haɗuwa su ba da su, shi ya sa ƴan uwa ciki ɗaya kan fito wani fari wani baƙi, wani dogo wani gajere. Makiyayi ya san wannan a garkensa, manomi ya san shi a zangarniyar gero.

A nan ne darajar tsohuwar da ke zaune bisa tabarma take. Idan ta ɗaga jariri ta ce, "Ku bar ni da shi, wannan kunnen na kakan babansa ne, ni na san shi da idona," ta rufe bakin masu tsegumi, ta kuma sa yaron cikin dangi. Masu ɗinki na kirki sun san cewa ɗakinsu mahaɗar gidaje ce, abin da aka faɗa a nan gobe yana unguwa. Da yawansu, in hira ta fara karkata, sai su taka keke da ƙarfi, ko su aiki mai maganar ta hura gawayin dutsen guga.

Gajartar gado da gajartar yunwa

Akwai kuma wurin da maganar kama ke rufe ido. Yaro ya shekara uku yana sanye da rigar da aka ɗinka masa yana da shekara biyu, sai a ce, "Ƙaramin jiki gare shi, kakarsa ya biyo." Wani lokaci gaskiya ne. Wani lokaci kuwa ita kanta kakar yunwa ce ta hana ta kai tsawonta tun tana goye. Gado yana shata iyakar da mutum zai iya kaiwa, amma abinci da lafiya ne ke kai shi can, musamman cikin kwana 1.000 na farko, daga shigar ciki zuwa cikar shekara biyu. Binciken da ma'aikatar ƙididdiga ta ƙasa ke yi ya sha nuna cewa jahar Damagaram tana sahun gaba wajen tsumburewar yara, inda kusan ɗaya cikin biyu na ƴan ƙasa da shekara biyar bai kai tsawon da ya dace da shekarunsa ba. Ba banza ba ne ƙungiyar likitoci ta MSF ta soma aiki a Magariya tun 2005, kuma sashen yara na asibitin garin yakan cika maƙil a lokacin da ƙarancin hatsi ya haɗu da zazzaɓin cizon sauro, daga tsakiyar damina zuwa kaka.

Mai ɗinki tana cikin waɗanda za su fara gani. Tsakanin ƙaramar salla da babba kwana saba'in ne ko kusan haka. Yaro mai lafiya, rigar ƙaramar salla takan ɗan kama shi a babba. Idan kuwa hannun rigar ya koma yana yi masa lilo, wuyanta ya zame daga kafaɗa, to ba maganar kama ba ce kuma, yaron ramewa yake yi. Ma'aikatan lafiya suna da nasu tef mai launi uku, wanda ake zagayawa a tsakiyar damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5. Kore, sama da santimita 12,5, lafiya lau. Rawaya, tsakanin 11,5 da 12,5, a kai shi a duba. Ja, ƙasa da 11,5, a garzaya da shi likita a ranar. A gundumar Mirya, maƙwabciyar Magariya, ƙungiyoyin BEFEN da ALIMA sun gwada koya wa uwaye wannan awo, aka kuma ga sun iya shi kamar yadda ma'aikatan ƙauye suka iya. Macen da ta saba da tef tun safe har dare ba za ta ɗauki lokaci ba wajen koyonsa, kuma uwaye sun fi sakin jiki da ita. Ita ce za ta iya cewa, "Ƙawata, kama dai ya yi da kakarsa, amma kai shi a auna," ba tare da an ji haushi ba.

Abin da ya rage ga magabata da jama'a

Cibiyoyin koyon sana'a na ƙananan hukumomi suna koyar da ƴan mata ɗinki, kuma hakan abin yabo ne. Sai dai mafi yawan masu keke ba za su taɓa zama a aji ba. A gida suka koya, wurin uwa ko yaya ko uwar ɗaki. Su ne ya kamata malaman yaƙi da jahilci su tuna da su idan suna shirya darasin lissafi, domin matar da ta ga cewa lamba za ta tsare mata turmin atamfa ba ta bukatar a roƙe ta zuwa aji. Ma'aikatan lafiya na Guci da Malawa da Bande, idan suna neman wanda zai isar da saƙo ga uwaye, su tambayi gidan da keke yake. Ƙungiyoyin mata kuma, da ke ɗinka anko kowace ranar 13 ga Mayu don tunawa da tattakin matan Nijar na 1991, su raba aikin ga matan unguwa maimakon su tara shi a shago ɗaya na birni. Makanikin keke ma abin nema ne, don keken da ya tsaya a ƙauye kan yi watanni yana jiran ranar da za a ɗora shi a amalanke zuwa gari.

Ga magidanta, kuɗin ɗinki hakkin mai ɗinki ne ko da matarka ce ko ƙanwarka, kuma kayan salla a kai su tun farkon azumi. Ga masu keke, kaye ɗaya da alƙalami ba su kai kuɗin zif biyar ba. Ga masu zuwa hira kuwa, a ci gaba da rarraba hanci da goshi da wushirya tsakanin dangin uwa da na uba, domin yara suna saurare, kuma a nan suke sanin su wane ne nasu. A dai tauna magana kafin a fitar da ita.

Allah ya sa albarka a sana'a, ya raya zuriya, ya ba da damina mai yalwa.